Ibrahim Narambaɗa: Makaɗin kotso da ake karanta waƙarsa a aji ba a jin kiɗansa

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ya san Ɗan Issa. Nan motoci kan tsaya a duba takardu da kaya kafin a fuskanci iyakar Najeriya, nan kuma fasinjoji kan sauka su miƙe ƙafa. A irin wannan jira ne za ka ji wani direba ko mai shayi ya saki tsohuwar waƙa a waya, muryar dattijo na fitowa daga faifan da ya sha shekaru, kotso na bi a ƙasa, 'yan amshi na karɓa. Ko yaron da bai san sunan mai waƙar ba ya san muryar. Ibrahim Narambaɗa ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu fiye da shekara 60 da suka wuce.

A 'yan shekarun nan malaman kiɗa a makarantun Amurka da Ingila da Faransa sun tashi tsaye wajen shigar da baƙar fata cikin jerin manyan masu tsara kiɗa da ake koya wa yara. 'Ya'yan 'yan'uwanmu da ke zaune a can sukan dawo gida da sunaye irin su Chevalier de Saint-Georges, ɗan baiwar da aka haifa a tsibirin Gwadalup a 1745 ya zama gwanin kiɗa a Paris, da Samuel Coleridge-Taylor na Landan wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, da Florence Price, baƙar mace ta farko da wata babbar ƙungiyar makaɗa ta Amurka ta buga dogon kiɗan da ta tsara, a birnin Shikago a 1933.

Florence Price da Narambaɗa 'yan zamani ɗaya ne. Da a ce za a buɗe irin wannan darasi a wata makaranta a Ɗan Issa ko Madarunfa, sunan da ya kamata a fara rubutawa a allo ba shi da nisa da ƙofar ajin.

Ɗan dambe daga Filinge

An haifi Ibrahim a Tubali, wani gari a ƙasar Isa, wajen ƙarshen ƙarni na 19. A yau Tubali na cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta jihar Zamfara, Isa kuma na jihar Sakkwato. Kada kamar suna ta rikita mai karatu: Isa daban, Ɗan Issa daban, ko da yake ruwa ya haɗa ƙasashen nasu. Gulbin Maraɗi da ke shigowa Nijar daga Jibiya ta yankin Madarunfa shi ne ke ratsa Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima a ƙasar Gobir.

Lokacin da aka haife shi babu Najeriya, babu Nijar. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, kuma sai tsakanin 1906 da 1908 ne jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyakar da ake tsayawa a kanta yanzu. Wannan ya sa ba abin mamaki ba ne da mahaifinsa, Maidangwale, ya kasance mutumin Filinge, can ƙasar Kurfai da ke arewa maso gabas da Yamai. Ɗan dambe ne, kuma dambe sana'a ce ta yawo: bayan kaka ana bin gari gari ana neman abokin karawa. A haka ya zo wannan yanki ya zauna, ya auri Riba, mutuniyar Badarawa.

Ibrahim ya yi karatun allo kamar sauran yara, ya kuma ɗauki damben mahaifinsa a ƙuruciya. Laƙabin da ya danne sunansa na yanka kuwa, abin da ake faɗa shi ne daga wata karya ya samo shi, wadda yake yawo da ita yana kiranta Rambaɗa. Mutane suka riƙa ce masa na Rambaɗa har ya bi shi. Sunan da farfesoshi ke rubutawa a bangon littafi yau, daga nan ya taso.

Kiɗa ta wajen uwa ya zo masa. Kakansa na wajen Riba makaɗin kotso ne, kuma kotson wannan kaka da ya tarar a ɗakin mahaifiyarsa shi ya fara ratayawa. A al'adar Hausa sana'a ta wajen uba ake gadonta, don haka ɗan ɗan dambe da ya rungumi kotso ya ɗan kauce hanya. Sai dai wanda ya tashi a filin dambe ya tashi cikin kiɗa da kirari da zuga, ya kuma san yadda kalma ɗaya ke sa namiji ya miƙe tsaye. Wannan ilimi bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Daga gona zuwa fada

Da kiɗan noma ya fara. Wanda bai taɓa ganin gayya ba zai ɗauka wasa ne, alhali makaranta ce mai tsanani. Samari sun jeru a kunya, makaɗi na bin su a baya, dole bugunsa ya yi daidai da saukar fartanya. In ya yi sauri ya gajiyar da su kafin rana ta take, in ya yi sanyi aiki ya mutu. Dole kuma ya san kowa da uban kowa, ya san wanda ake zugawa da yabo da wanda sai an taɓa shi da habaici yake motsi. Ba a ba shi lokacin tunani. A nan Narambaɗa ya koyi riƙe kari na tsawon lokaci ba tare da ya kuɓuce masa ba, ya kuma yi suna a ƙauyukan da ke kewaye.

Daga nan ya koma waƙar sarauta, har ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya hau gadon sarauta a 1935. Mafi yawan waƙoƙinsa da suka rage a hannun mutane na wannan basarake ne.

A nan akwai wani abu da ɗan Maraɗi ya kamata ya sani. Sarautar Sarkin Gobir ta Isa ba ta Gobirawan Tsibiri ko na Sabon Birni ba ce. Gidan Isa zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri, kusa da Katsinawan da suka riga suka kafa Maraɗi, kuma shekaru da dama ana kai wa juna hari tsakanin waɗannan garuruwa da ƙasar Sakkwato. Isa na cikin garuruwan da suka tsare wa Sakkwato wannan fuska. Wato kakannin da Narambaɗa ke yaba wa Amadu da su, su ne abokan gabar kakannin mutanen Maraɗi da Tsibiri. Duk da haka jikokin ɓangarorin biyu ke sauraron waƙoƙin a yau, babu wanda ke tambayar wane gefe mai waƙar ya tsaya.

Makaɗin fada ba mai zaman kansa ba ne. Ubangidansa ke ɗauke da ci da sha da suturarsa, shi ke ba shi doki da riga, shi kuma makaɗin yana nan a ƙofar fada ranar sallah, da ranar naɗin sarauta, da duk lokacin da sarki zai yi tafiya ko ya yi baƙi. Ba ya zuwa yi wa wani basarake waƙa sai da izini. Aikinsa kuma ya wuce nishaɗi. A zamanin En'e hakimi na iya rasa rawaninsa, kuma a kowane gidan sarauta akwai 'yan sarki da ke jiran gado. Waƙa ce ke tuna wa jama'a asalin mai sarauta, ita ce kuma bulalar da ake zane masu haƙon kujerarsa. Narambaɗa ya ƙware a wannan ɓangare ƙwarewa mai ban tsoro. Ba ya kama suna. Sai ya zana siffar mutum, tafiyarsa ko rowarsa ko yadda rawani ke zama a kansa, ya jingina shi da wata dabba, kowa a fada ya gane wanda ake nufi, shi kuwa wanda aka yi dominsa ba shi da bakin kai ƙara.

Yadda ake gina waƙar

Nan ne darasin kiɗa yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci.

Kotso ganga ce mai siririn ciki kamar kalangu, amma baki ɗaya kawai aka rufe da fata, ɗaya bakin a buɗe yake. Da hannu ake buga shi, ba da makaɗi ba. Ana rataya shi a kafaɗa, a matse tsarkiyarsa ko a sassauta don murya ta hau ko ta sauka, a tsakiyar fatar kuma akan liƙa nake don sautin ya yi zurfi. Kayan kiɗan sarauta ne, kamar taushi da jauje. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ma da kotso suka yi suna, Salihu Jankiɗi kuwa da taushi.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da muryarta, sama ko ƙasa ko mai faɗuwa, tana kuma da nauyinta, doguwa ko gajera. Mai tsara waƙa da Hausa ba shi da 'yancin ɗora kowace kalma a kan kowace murya. In ya ja gaɓar da ya kamata ta sauka ya kai ta sama, kunnen Bahaushe zai ji an karya kalmar, wani lokaci ma ma'ana ta sauya. Saboda haka aiki uku yake yi a lokaci guda: zaɓen kalmar da ta dace da ma'ana, wadda nauyinta ya cika karin kotso, wadda kuma muryarta ta bi hanyar da waƙar ke bi. A waƙoƙin Narambaɗa da wuya ka ji inda aka tilasta wa kalma zama. Shi ya sa suke da sauƙin haddacewa, suke kuma da wuyar kwaikwayo.

Sai tsarin rerawa. Kowace waƙa tana da gindi, wato 'yan layukan da ake komawa gare su, sannan ɗiyan waƙa su biyo ɗaya bayan ɗaya. A wajen mawaƙa da yawa jagora ne ke yin ɗa gaba ɗaya, 'yan amshi su maimaita gindi kawai. A ƙungiyar Narambaɗa 'yan amshi sun fi haka aiki. Yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu a kai kafin a koma gindi. Wani wuri ya yi layi ɗaya su yi uku. Irin wannan miƙa wa juna ba ta yiwuwa sai an zauna an shirya waƙar tun kafin a fito, an maimaita har kowa ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru. Ga kuma sanƙira a gefe yana cusa kirari da ƙarin bayani a tsakanin layuka ba tare da ya tare hanya ba.

Wanda ya zauna ya raba wa muryoyi da ganguna aiki haka, ya san abin da kowa zai yi daga farko har ƙarshe, shi ne abin da Turawa ke nufi da mai tsara kiɗa. Bambancin kawai, nasu a takarda suke ajiyewa, shi kuma a kawunan yaransa ya ajiye.

Bakandamiya da dokin sarki

Waƙarsa da ta fi kowace suna ita ce Bakandamiya. Ta Sarkin Gobir Amadu ce, amma rabin ta a kan waƙa kanta take magana, da kuma matsayin mai yin ta a tsakanin mawaƙa. Narambaɗa bai san kunyar yabon kai ba. Ya ɗauki kansa malami a fanninsa, ya kuma ɗauki waƙa a matsayin ilimi mai ƙa'ida wanda wani ya fi wani sani. A wancan zamani da ake kallon makaɗi a matsayin maroƙi, wanda ba kowane gida ne zai ba shi aure ba, wannan magana ce babba. Yau kalmar bakandamiya ta zama sunan da ake ba fitacciyar waƙar kowane mawaƙi, har ma da fitaccen aikin marubuci. Mamman Shata ma yana da tasa.

Ta biyu da matasa suka fi sani ita ce Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ya yi wa dokin ubangidansa. Ana iya cewa waƙar doki ce kawai, a wuce. Amma a saurari yadda kiɗan ke tafiya da sukuwa, da yadda ake yabon doki ana nufin mai doki, ana kushe dawakin wasu ana nufin masu su. Sunan dokin kuma na ɗauke da sunan garin da mahaifin mawaƙin ya fito. A ganina, in malami na neman waƙa ɗaya da zai fara da ita a gaban yara, wannan ce, don ko yaron da bai gane rabin kalmomin ba zai ji dokin na gudu.

Akwai kuma ɓangaren da ya sa manazarta ke kiransa mai falsafa. A tsakiyar yabo sai ya tsaya ya yi magana a kan juyin zamani, da haƙuri, da yadda mulki da ƙarfi ke ƙarewa. Da yawa daga maganganun da mutane ke jefawa a hira suna zaton tsofaffin karin magana ne, daga bakinsa suka fito.

Abin da ya rage

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Nijar da Najeriya ke fara mulkin kai. Ubangidansa Amadu ya rayu bayansa har 1975. Na'urar ɗaukar murya ta riske shi yana dattijo, don haka abin da ake ji a yau muryar tsufansa ce, kuma kaso ne kawai na abin da ya yi a tsawon rayuwa. Gidajen rediyo, musamman na Kaduna, su suka raya waɗannan faya-fayai, daga nan suka koma kaset, yanzu kuma suna yawo a waya da YouTube, wasu an kwafa an sake kwafa har kotson ya dushe.

Florence Price ta yi sa'ar da bai yi ba. Bayan rasuwarta a 1953 an manta da yawancin aikinta, sai a 2009 aka tsinci tarin takardun kiɗanta a wani gida da aka yi watsi da shi a jihar Illinois. Da yake a rubuce suke, makaɗa suka ɗauka suka buga kamar jiya ta rubuta. Waƙar Narambaɗa da ba a naɗa ba ta tafi tare da 'yan amshin da suka haddace ta.

Jami'o'i sun yi nasu ƙoƙari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa cikin aikinsa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum mai suna Narambaɗa a 2009, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kansa a 2019. Ɗaliban Hausa da yawa sun sami digiri da waƙoƙinsa.

Sai dai kusan duk wannan a ajin adabi ake yin sa. Ana rubuta waƙar a takarda, a fitar da jigo da salo da adon harshe, a yi jarrabawa. Ɗalibi na iya cin jarrabawar bai taɓa riƙe kotso ba, bai kuma san a wane bugu 'yan amshi ke shigowa ba. A inda ake koyar da kiɗa kuwa, galibi da do-re-mi ake farawa, a bi da sunayen Mozart da Beethoven. Ba laifi ba ne yaro ya san su. Amma yaron Madarunfa da zai iya rera gindin waƙar Narambaɗa tun kafin ya shiga makaranta, ba a taɓa gaya masa cewa abin da ke bakinsa tsararren kiɗa ne mai dokoki da za a iya warwarewa a allo ba.

Akwai dalilan da suka sa haka, kuma ba na wasa ba ne. Iyaye da yawa ba sa son a ce ɗansu na koyon kiɗa a makaranta, wasu don addini, wasu don tsohon kallon da ake yi wa maroƙa. Malaman da suka san kiɗan gargajiya ciki da waje ba su da takardar koyarwa, masu takardar kuma ba a nan aka horar da su ba. Makarantar da ba ta da isassun kujeru ba za ta sa sayen kotso a gaba ba. Waƙoƙin kansu na yabon sarauta ne da zambo, dole malami ya san abin da zai zaɓa da yadda zai yi bayaninsa.

Ta wani gefen kuma Nijar na da abin farawa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, wadda aka kafa a 1989, tana da tarin kayan kiɗan gargajiya. A watan Maris na 2025 kuma hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Yaron jihar Maraɗi na da wata riba da ɗan Kano ba shi da ita: Hausar Narambaɗa ta yamma ce, ta Gobir da Zamfara da Sakkwato, kusa ƙwarai da wadda ake yi a gidansu. Abin da ɗalibin Kano ke neman fassararsa, shi a bakin kakarsa yake jin sa.

Duk da haka akwai kalmomin da ko shi za su gagara, sunayen kayan doki da na yaƙi, da sarautun da aka daina naɗawa, da mutanen da aka yi wa habaici waɗanda sai ɗan gari ya san su. Masu wannan sani dattawan ƙasar Isa da Shinkafi da Sabon Birni ne, yankin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. Tun 2019 dubban mutane daga can suka tsallako iyaka suka sami mafaka a jihar Maraɗi, mafi yawansu a ƙauyukan Gidan Rumji, wasu kuma a yankin Madarunfa. 'Ya'yansu na zaune a aji ɗaya da yaran gari.